Cika Shekara 65 A Amurka: Tilascin Shiga Medicare Ga Ma'aikata Masu Manyan Shekaru Da Tsofaffin Sojoji

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ƙananan ikkilisiyoyinmu da ke Amurka

 Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan zarafi in yi magana a kan abin da ya shafi lafiya da aljihun iyayenmu, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya da ake kira Medicare.

Da yawa a cikinmu mun zo ƙasar nan da ƙuruciyarmu, ga shi yau furfura ta fito. Waɗansu har yanzu suna aiki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi ko tuƙin mota, waɗansu sun yi aikin sojan Amurka sun yi ritaya, waɗansu kuma 'ya'yansu ne suka kawo su daga gida. Abu guda nake so kowa ya tafi da shi yau: ba wanda zai kama ka don ka ƙi shiga Medicare, amma an tsara dokar ta yadda wanda ya makara zai riƙa biyan tara har ƙarshen ransa, tsohon soja kuwa yana iya rasa inshorar da yake da ita. A takarda zaɓi ne, a aikace tilas ne.

1. Mene ne Medicare?

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar ranar 30 ga Yuli, 1965, a garin Independence na jihar Missouri, aka ba tsohon shugaba Harry Truman kati na farko. Yau fiye da mutum miliyan 65 ke cikin shirin. Ba sadaka ba ce. Kowane ma'aikaci ana cire masa kashi 1.45 cikin 100 na albashinsa, mai ba shi aiki ya ƙara wani 1.45, mai aikin kansa kuma ya biya 2.9 shi kaɗai.

Sashe na A shi ne na kwanciya a asibiti. Wanda ya yi aikin shekara 10 yana biyan wannan haraji, shi ko matarsa ko mijinta, ba ya biyan kuɗin wata. Sashe na B shi ne na ganin likita da gwaje-gwaje, kuma shi ana biya kowane wata: dala 185 a shekarar 2025 ga yawancin mutane. Sashe na D na magunguna ne, ya fara aiki a 2006. Sashe na C kuwa hanya ce ta karɓar waɗannan a haɗe ta hannun kamfanin inshora. Yawancin matsalar da za mu tattauna a kan Sashe na B take.

2. Wata bakwai kawai

Ƙofar shiga tana buɗe wata 7: wata 3 kafin watan da za ka cika 65, da watan kansa, da wata 3 bayansa. Wanda ya riga ya fara karɓar fanshon tsufa na Social Security, za a sa shi kai tsaye a aiko masa da kati. Amma ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, shekarun cikakken fansho 67 ne, saboda haka mutane da yawa sukan kai 65 ba su fara karɓa ba. Irin wannan mutum ba wanda zai sa shi. Shi ne zai je ofishin Social Security, ko ya buga waya, ko ya cika ta intanet.

Iyayena, ga abin da ya shafe mu musamman. Da yawa daga cikin dattawanmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai aka yi takardar rantsuwar shekaru aka sa 1 ga Janairu. Gwamnati da ranar da ke cikin takardunka take aiki, ba da wadda ka sani a zuciyarka ba. Kuma a dokar nan, wanda aka haifa ranar 1 ga wata ana lissafta shi kamar ya cika shekara a watan da ya gabata. Wato mai 1 ga Janairu, watanninsa 7 sun fara tun Satumba, sun ƙare a Maris.

In ƙofar ta rufe fa? Sai ka jira lokacin shiga na kowa da kowa, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris. Sa'an nan a ɗora maka tarar kashi 10 cikin 100 a kan kowace cikakkiyar shekara da ka yi ba ka shiga ba. Mu yi lissafi da kuɗin 2025. Wanda ya makara shekara 2, tararsa kashi 20 na dala 185, wato dala 37 kowane wata, dala 444 a shekara. Ba sau ɗaya ake biya a huta ba. Muddin kana cikin Sashe na B kana biya, kuma in kuɗin wata ya tashi, ita ma ta tashi. Sashe na D ma yana da tasa tara, in mutum ya yi kwana 63 a jere ba shi da inshorar magani da gwamnati ta amince da ita.

3. Wanda yake kan aiki

Wani zai ce, "Ni ai ina da inshora ta wurin aiki." To, sai mu tambaye shi: ma'aikata nawa ne a wurin? In sun kai 20 ko fiye, kuma kai ko matarka kuna kan aikin a yanzu, kana iya jinkirta Sashe na B ba tare da tara ba. Ranar da aikin ko inshorar ta ƙare, duk wanda ya fara zuwa, kana da wata 8 ka shiga. Za ka cika fom CMS-40B, mai ba ka aiki kuma ya cika CMS-L564 don shaida cewa kana da inshora a shekarun nan.

In ma'aikatan ba su kai 20 ba, labari ya sha bamban. A nan doka ta ce Medicare ce ke fara biya, inshorar wurin aiki ta biyo baya. In ba ka shiga ba, kamfanin yana iya ƙin biyan kason da ya kamata Medicare ta biya, nauyin ya faɗo kanka. Dattawa, ku lura: wace ikkilisiya ce a cikinmu take da ma'aikata 20? Saboda haka faston ku, ko sakatariyar ofis, ko mai kula da majami'a, in ya kusa 65, ku zauna da kamfanin inshorar ku tambaya a rubuce.

Akwai inshora iri uku da suke ruɗin mutane: COBRA, wadda ake ci gaba da biya bayan an bar aiki, inshorar da kamfani ke ba waɗanda suka yi ritaya, da wadda ake saya a kasuwar Obamacare. Ba ɗaya a cikinsu da take hana tarar Sashe na B. Wata 8 ɗin nan daga ranar barin aiki ake ƙirga su, ko da COBRA tana tafiya.

Sashe na A kuwa, wanda yake karɓar fanshon Social Security ba ya iya cewa ba ya so, sai dai ya bar fanshon ya mayar da abin da ya karɓa. Waɗansu sun kai ƙara a kan haka, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Washington ta ƙi ba su gaskiya a 2012.

4. Tsofaffin sojoji

A nan akwai hanya biyu, kada mu haɗa su. Ta farko TRICARE ce, ta waɗanda suka yi ritaya daga aikin soja, yawanci bayan shekara 20, da iyalansu. Tun 1 ga Oktoba, 2001, akwai TRICARE For Life, wadda take biyan yawancin abin da Medicare ta rage. Gata ne babba, amma da sharaɗi: dole ka kasance cikin Sashe na A da na B. Ka cika 65 ka ƙi Sashe na B, TRICARE ɗinka ta tsaya. Sharaɗin ya hau kan matar sojan ita ma idan ta kai 65, har da gwauruwar da mijinta ya rasu. Wannan shi ne tilas na ƙarara.

Hanya ta biyu ita ce asibitocin hukumar tsofaffin sojoji, VA. Ita ba ta tilasta maka shiga Medicare. Amma jinyar VA ba ta kare ka daga tarar Sashe na B. Bugu da ƙari, Medicare ba ta biya a asibitin VA, ita kuma VA ba ta cika biyan jinyar waje ba sai da izininta. An kasa tsofaffin sojoji rukuni 8 bisa ga fifiko, kuma kuɗin hukumar Majalisa ce take warewa. Wanda ya dogara ga VA kaɗai, in ya ƙaura nesa da asibitinta ko ya bukaci likitan da ba nata ba yana da shekara 72, zai shiga Sashe na B da tarar shekaru masu yawa. Ita kanta VA tana ba mutanenta shawara su shiga Medicare a kan lokaci. Sauƙin da ke nan shi ne maganin da VA take bayarwa an amince da shi, don haka ba tarar Sashe na D.

5. Fastoci da fom 4361

Iyayenmu fastoci, ku yi mini haƙuri in taɓa wannan. Doka ta ba naɗaɗɗen mai hidima dama ya cika fom 4361 ya fita daga harajin Social Security da na Medicare a kan albashin hidimarsa. Dalilin da doka ta yarda da shi na lamiri ne da koyarwar addini, ba don a rage haraji ba. Kuma in an amince, ba a komawa. Damar janyewa ta ƙarshe da Majalisa ta bayar a dokar 1999 ta rufe a 2002. Faston da ya fita, in ba shi da shekara 10 na wani aiki, matarsa ma ba ta da su, sai ya sayi Sashe na A da kuɗinsa: dala 518 a wata a 2025, ko 285 ga mai shekara bakwai da rabi na aiki. Matasan fastoci, kada wani ya ce muku dabara ce. Dattawa kuma, in fastonku ya riga ya sa hannu, ku fara tanadi dominsa tun yanzu.

6. Iyayen da aka kawo, da masu niyyar komawa gida

Mahaifiyar da aka kawo tana da shekara 65 ko fiye, ba ta taɓa aiki a nan ba, tana iya shiga Medicare idan tana da katin zama na dindindin kuma ta zauna shekara 5 a jere. Za ta biya kuɗin Sashe na B, da na A in tana so. Doguwar tafiya gida tana iya katse lissafin shekara 5 ɗin, saboda haka a yi tambaya kafin a sayi tikiti. Ku sani kuma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025, ta rage baƙin da suka cancanta. 'Yan ƙasa da masu katin dindindin suna nan, amma masu mafakar siyasa da 'yan gudun hijira da ba su sami katin ba tukuna an cire su, waɗanda ke ciki kuma aka ba su wa'adin wata 18. Mai irin wannan takarda ya nemi lauyan shige da fice.

Masu ginin gida a Jos ko Kaduna ko Yola da niyyar hutawa can, ku sani Medicare ba ta biyan jinya a Nijeriya. Wannan yakan sa mutum ya daina biyan Sashe na B. Amma in ciwo ya dawo da kai bayan shekara 5, za ka jira watan Janairu, ka kuma ɗauki tarar kashi 50. Tsohon soja mai TRICARE For Life ita tana biya a ƙasashen waje, amma sai in ya ci gaba da biyan Sashe na B. A auna wannan da iyali kafin a yanke shawara.

7. Abin da ikkilisiya za ta yi

Na farko, kowace ikkilisiya ta naɗa mutum ɗaya ko biyu masu riƙon asiri, su tuna wa duk wanda ya cika 64 cewa lokaci ya kusa. Muna da littafin membobi, bari ya yi mana wannan aiki.

Na biyu, kada kunya ta hana marar hali neman taimako. Kowace jiha tana da shirin da ke biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin Sashe na B ta hannun ofishin Medicaid, akwai kuma Extra Help na magunguna. Kowace jiha tana da masu ba da shawara kyauta na shirin SHIP, waɗanda ba sa sayar da inshora. A gayyace su su zo bayan sujada, a kuma nemi mai fassara.

Na uku, matasa su raka iyaye ofis, su karanta musu wasiƙun gwamnati, su ajiye kwafin kowace takarda. Kuma a gargaɗi tsofaffi kada su ba da lambar katinsu ga baƙon da ya bugo waya yana cewa daga Medicare yake.

Kuɗaɗen da na ambata na 2025 ne, kuma sukan canja kowace shekara, don haka a duba na shekarar da ake ciki.

'Yan'uwa, mun saba tara gudummawa in ɗan'uwa ya kwanta asibiti, kuma abu ne mai kyau. Amma baikon ƙaramar ikkilisiya ba zai iya ɗaukar kuɗin jinyar Amurka ba. Tunatarwa guda a kan lokaci ta fi gudummawar da za mu tara daga baya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ina roƙon kowane dattijo a nan, kafin taronmu na gaba, ya san su wane ne a ikkilisiyarsa za su cika 65 a cikin shekara mai zuwa, ya kuma ziyarce su.

Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsawon rai, ya ba mu hikimar kula da su.