Lemu Ma Yana Jin Yunwa

  

Ni sana'ata sayar da lemu ce. Yawancin wanda muke sarowa daga Binuwai yake zuwa, kuɗin mota ya cinye rabin riba. Alhali kusan kowacenmu tana da bishiyar lemun tsami ko na zaƙi a tsakar gida, amma in ta yi fure sai ya zube. Sai a ce wai baki ne. Ba baki ba ne, yunwa ce.

Ku dubi ganye. In tsofaffin ganyaye sun koma ruwan ɗorawa, bishiya taki take nema.

To, na farko, lokaci. Sau biyu a shekara ya isa: in damina ta zauna, wajen watan Yuni, sannan kafin ruwa ya ɗauke, a Satumba. Kar a zuba taki a busasshiyar ƙasa. In babu ruwan sama, a yi ban ruwa.

Na biyu, wuri. Don Allah kar a tara taki a gindi, yana ƙona bawo. Saiwar da ke ci tana can daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Nan za a zagaye da ɗan rami mara zurfi, don saiwar lemu ba ta nisa a ƙasa. A zuba, a rufe.

Na uku, awo. Kashin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sosai shi ne tushe. Ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne, a bar shi ya huce tukuna. Takin zamani, wanda aka rubuta NPK 15-15-15 a buhunsa, rabin gwangwanin madara ya ishi ƙaramin dashe, babbar bishiya kuwa gwangwani 5 zuwa 6. Yanzu da muke zuwa yaƙi da jahilci, kowa ta karanta buhu da kanta kafin ta biya. Yuriya kaɗai in ta yi yawa, ganye za ki samu da lemu mai kaurin ɓawo.

Buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfin mace ɗaya, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Roƙona shi ne a ware zubin adashi ɗaya kafin damina, mu sayi buhu mu raba da gwangwani. Mai so ta ba Sakatariya sunanta yau.