Wata Biyar Kacal Na Yi A Wurin Aiki: Me Zan Ce A Intabiyu?

Yau saƙon wata 'yar'uwa zan amsa. Ta ce an kira ta intabiyu mako mai zuwa, amma wata huɗu kawai ta yi a aikinta na baya, shin ta goge shi daga CV ɗinta ta huta? To ƙanwata, bari in fara da labarina, don ni ma na taka wannan ƙayar.

Na gama bautar ƙasa a farkon 2023, na samu aiki a wani kamfani a Sharada, nan Kano. Ban yi wata biyu ba aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu. Daga Hotoro nake zuwa, hawa biyu a adaidaita sahu tafiya, biyu dawowa. Kuɗin mota ya koma yana cinye fiye da rabin albashina, albashin ma sai wani watan ya raba ake biya. A wata na biyar na ajiye.

Intabiyun da na je bayan nan, wani dattijo ya duba takarduna ya ce, "Malam, wata biyar? Me ya faru?" Wallahi kamar jira nake. Na zazzage masa komai, har da halin manajanmu. Kuma duk gaskiya na faɗa fa. Ya yi murmushi ya ce za su neme ni. Har yau suna nemana.

Daga baya na gane, mutumin nan ba shari'a ya zauna yi mana da tsohon maigidana ba. Abu biyu ne a ransa. In na ɗauki yaron nan na ɓata watanni ina koya masa aiki, zai zauna? In kuma ya tafi, haka zai je yana yayata ni? Da bakina na amsa masa duka biyun. Baki shi ke yanka wuya.

A intabiyu na gaba wata Hajiya ce ta yi min tambayar. Na ce, "Ranki ya daɗe, bayan cire tallafin mai kuɗin mota ya fi ƙarfin albashina, na ga ba zan iya riƙe aikin yadda ya kamata ba. Na ba su sanarwa, na miƙa komai a rubuce. A watannin nan ni na mayar da lissafin sitonsu daga littafi zuwa Excel. Nan kuwa hawa ɗaya ne daga gidanmu, kuma na yi lissafina kafin in nema." Ko minti ɗaya ban yi ba. Ta wuce tambaya ta gaba. A nan nake aiki har yanzu.

Kun lura? Dalili a jimla ɗaya, sai abin da ka tsinana a wurin, sai hujjar cewa matsalar ba za ta biyo ka nan ba. Daga nan ka yi shiru. Yawan bayani shi ke sa a fara zargin akwai lauje cikin naɗi.

Batun gogewa kuwa, ƙanwata, ban ba ki shawara ba. In kin goge, kin bar giɓin wata huɗu, za a tambaye ki, sai kin ƙirƙiro labari. In kamfanin yana zuba miki fansho, sunansa na nan a bayanan asusunki. Garin nan kuma ƙarami ne, masu ɗaukar aiki sun san juna. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In aikin kwantiragi ne, rubuta hakan a gefensa, magana ta ƙare. In rage ma'aikata aka yi, faɗi haka. In ma laifinki ne, ki ce kin yi kuskure kaza, ga yadda kika gyara.

Ku kuma da ke shirin ajiyewa yanzu, don Allah kar ku kashe waya ku ɓace. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya sa sanarwar mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, kuma takardar ɗaukarka tana iya neman fiye da haka, sai ka duba. Ka fita ta ƙofa, ka bar mutum ɗaya da zai shaide ka in an buga waya.

Ƙanwata, ki rubuta amsarki, ki maimaita ta gaban wani a gida har ta zauna a bakinki. Allah ya ba da sa'a, muna jiran albishir. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.