Kuɗin Apple da Ƙwallon Amurka

A 2022 gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, MLS, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da kamfanin Apple, kan aƙalla dala miliyan 250 kowace shekara. Kuɗi ne masu kauri, amma an biya su da wani abu: yawancin wasannin sun koma intanet, sai mai biyan kuɗin kallo. Zuwan Messi kulob ɗin Inter Miami na MLS a 2023 ya jawo masu saye, ya rufa wa Apple asiri. Ni dai ina ganin gasar da ke neman sababbin magoya baya ta yi gaggawar rufe ƙofa.