Tsohon Doki da Haƙoransa: Jawabi ga Makiyaya Kafin Shigowar Rani

Iyayenmu shugabannin rugage, arɗo da garso na kowane mashekari, iyaye mata, da sauran ƴan uwa makiyaya, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida da bisashe lafiya.

Kullum in mun taru, maganar shanu da tumaki da rijiyoyi da burtali ita ke cinye mana lokaci. Yau muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku a kan doki, musamman tsoho, ko ingarma ne, ko goɗiya, ko ɗan ƙaramin nan da ake kira ƙuru. Da shi garso ke zuwa duba ciyawa kafin garke ya tashi, da shi ake bin sawun saniyar da ta ɓace, da shi ake kai marar lafiya bakin hanya. Amma duk shekara, da rani ya yi nisa, sai mu ga tsohon doki ya rame, haƙarƙarinsa a waje, ga abinci a gabansa. Mai shi ya ce tsufa ne, ya kai shi kasuwa ya sayar a wulaƙance, ko ya bar shi ya mutu a turke. Sau da yawa ciwon a baki yake, kuma yana da magani.

Ga yadda abin yake. Doki yakan gama sake haƙoransa yana ɗan shekara 5. Namiji yakan sami haƙora 40, goɗiya kuwa sau da yawa 36, don ba kasafai take da fiƙa ba. Goma sha biyu na gaba su ne na tsinke ciyawa, 24 na ciki su ne turame masu niƙa. Waɗannan turame suna ta fitowa daga cikin dasashi kamar milimita 2 zuwa 3 kowace shekara, ciyawa kuma tana cinye su. In doki ya wuce shekara 20, abin da ya rage a cikin dasashi ya kusa ƙarewa, sai haƙori ya yi santsi, ko ya yi girgiɗi, ko ya faɗi. Ban da haka, muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi. Saboda haka gefen haƙoran sama yakan yi kaifi yana yankan kumatu, na ƙasa kuma yana yankan harshe.

To, yaya za mu gane? Mu tsaya mu kalli dokin yana ci. In yana tauna ciyawa yana zubar da ita dunƙule-dunƙule, in yana karkata kai gefe guda, in miyau na zuba, in bakinsa na wari, in majina mai wari na fita ta hanci guda, in ya fara ƙin linzamin da ya saba da shi, to a duba baki. Mu kuma duba kashinsa. In muka ga ƙwayar hatsi ko dawa ta fito ɗungum, ko dogayen zaren ciyawa, abincin nan asara muke yi, kaji ne kawai ke cin riba.

Muna gargaɗi da babbar murya: kada wanda ya cusa hannu cikin bakin doki, turamensa na iya murƙushe yatsa. Likitan bisashe yana da ƙarfen da ke riƙe baki a buɗe, da magagari na goge kaifin haƙora. Dokin da ke da ƙarfinsa a duba shi sau ɗaya a shekara, tsoho kuwa duk wata 6. Kada mu yarda a ƙone masa ganda da ƙarfe mai zafi, ko a fizge haƙori da abin da aka ga dama. Ciwo ne a kan ciwo, kuma doki na cikin bisashen da ciwon sandarewar jiki, wanda likitoci ke kira tetanos, ya fi saurin kamawa ta wurin rauni. In likita ya zo, a roƙe shi maganin tsutsar ciki ma, don ita ma tana ramar da doki.

Sai maganar abinci. Doki ba ya tuƙa kamar saniya. Abin da haƙori bai niƙa ba, haka zai wuce. Cikinsa ƙarami ne, kuma ba ya iya amai. A rana yana bukatar busasshen abinci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato ƙuru mai kilo 250 zai ci wajen kilo 5, mafi yawansa ciyawa da harawa. Ga tsoho, sai mu yi masa aikin da haƙoransa suka kasa. A zaɓi ganyen harawar wake ko ta gyaɗa, a bar kara mai tauri, a daka a turmi, a jiƙa da ruwa har ya yi laushi kamar fate. Hatsi a ɓarza shi a jiƙa, kada a ba shi ɗanye, kuma kaɗan, don yawansa na kawo murɗar ciki da ciwon kofato. Dusa tana da amfani, amma ita kaɗai tana raunana ƙashi in an daɗe a kanta, sai an haɗa ta da harawa. Ana iya ƙara man gyaɗa, a fara da cokali guda, da ɗan gishiri.

A raba abincin nan sau 4 ko 5 a rana. Duk sabon abinci a shigo da shi sannu a hankali, cikin kwana 10. Abin da aka jiƙa da safe kada ya kai yamma, zafin ƙasarmu na sa shi tsami. A zuba a daro, don in ya ci a ƙasa yana haɗiyar rairayi, rairayin kuma ya taru a hanji. A ware shi daga sauran bisashe, shi mai ci a hankali ne, awaki za su riga shi. Ruwa kuwa, ko ƙaramin doki na iya shan lita 20 zuwa 30 a rana, da bazara fiye da haka. Masara mai fumfuna da abincin kaji na kanti kada su kusance shi, suna iya kashe shi.

In kuka ga abinci na fitowa ta hancinsa yana miƙa wuya, abinci ne ya maƙale. A ɗauke abinci da ruwa daga gabansa, kada a ɗura masa mai ko jiƙo, zai tafi huhu. A nemi likita maza.

Ƴan uwa, harawa da kaka take da araha, da bazara kuwa sai mai kuɗi. Tun yanzu kowa ya ware wa tsohon dokinsa rabonsa a kan rumfa, inda rana da ruwa ba za su ɓata ta ba. Muna kuma ba da shawara kowane mashekari ya tara dawakinsa rana guda, a haɗa kuɗi a kira likita sau ɗaya, nauyin zai yi sauƙi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Dokin da ya san hanyar rijiya cikin duhu, ya ɗauki ƴaƴanmu bai taɓa kayar da su ba, yana da haƙƙi a kanmu, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba mu rani mai sauƙi da damana mai albarka.