Littafinmu Ba Cinikin Biri a Sama Ba Ne

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin wannan rana ta cikar ƙungiyarmu shekara. Allah Ya maimaita mana, Ya dawo da zaman lafiya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara baki ɗaya.

An ce mu ba da bayani kan littafin da muka haɗa a ajin yaƙi da jahilci, wato labaran sana'o'inmu, tun daga ƙuli-ƙuli da daddawa har awon hatsi. Mun kai shi wani kamfanin ɗab'i a Zariya, suka karanta, suka ce suna so. To, sai maganar ciniki.

Hanya uku suka shimfiɗa mana. Ta farko, su saye rubutun ɗungurungum, su ba mu kuɗi a dunƙule, shi ke nan mun sallama. Ta biyu, su buga da kuɗinsu, mu riƙa karɓar kaso a kan kowane kwafi da aka sayar. Ta uku, mu zuba kuɗin adashinmu a buga, littafi namu, riba tamu, asara ma tamu.

Wallahi ta farkon ta so ta ja mu, don kuɗi a hannu daɗi gare shi. Amma mu 'yan kasuwa ne. Wadda ta sayar da masararta tun tana gona, in farashi ya tashi a kasuwar Sheme sai dai ta yi kallo. Ta ukun kuma, in littafi ya yi kwantai, jarin marayu da zawarawan cikinmu ne zai nutse. Shi ya sa muka karkata ga ta biyu.

Ba mu ne farau ba. Hafsat Abdulwahid kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga mata So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu kuwa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, daga baya ta koma karatun manya kamar mu. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, a 2012 kuma wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa da Turanci. Kun ga ke nan littafi yakan yi tafiyar da mai shi ba ta zata ba.

Don haka muka kafa sharuɗɗa. Haƙƙin mallaka ya zauna a hannunmu, izinin bugawa kawai muka ba su, na shekaru ƙididdigaggu. A rubuta yawan kwafi da yawan kasonmu da lokacin biya. Ba sake bugu, ba fassara, ba karantawa a rediyo, sai da saninmu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ma ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce, ba da fatar baki ba.

Sun amince da duka, ban da yawan kaso, nan ne har yanzu ake tayi ana albarka. Ba mu sa hannu ba tukuna. Takardar tana wurin sakatariya. Kowacce ta zo ta karanta da idonta kafin taron wata mai zuwa, wadda karatunta bai nuna ba a karanta mata. Bara da dangwala yatsa wasunmu ke yi, bana sunanmu za mu rubuta, to mu san abin da muke rubuta shi a kai.

Allah Ya sa albarka.