Kyautar da ke cin kuɗin waya

Saƙo ne ke shigowa cewa waƙar kira kyauta ce na mako guda. Mai sayar da kaya a kasuwar Wuse ya danna lamba ɗaya ya manta. Mako na cika sai a fara zaftare masa kuɗin kati, ba tare da an sake tambayarsa ba.

Wannan cuta ce tsagwaronta, kuma talaka ta fi ci.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, mai hedikwata a Maitama, ta fito da lambar 2442 a 2016 domin toshe irin waɗannan saƙonni, a 2018 kuma ta hana sabunta irin wannan rajista ba da yardar mai layi ba. Duk wanda kamfanin waya ya yi biris da kukansa, ya kira 622, kyauta ne.