Wahalar Haɗiya

Yau maganarmu a kan wahalar haɗiya ce.

A wuyan mutum hanya biyu ce. Ta gaba ta numfashi ce, ta baya kuwa ta abinci, tsawonta wajen inci 10 ga babba kafin ta kai tumbi. Duk sa'ad da ka haɗiyi loma, wani ɗan murfi yakan rufe hanyar numfashi. In bai rufe sosai ba, sai ka ƙware.

Galibi zafin maƙogwaro na mura ne, yakan wuce cikin mako guda. Ka riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Kada ka kai wa wanzami ya cire beli, don ba laifin beli ba ne, askar kuwa tana jawo zubar jini da miki. Amma in yaro na zazzaɓi, wuyansa ya kumbura, ka ga wani abu toka-toka ya shimfiɗu a maƙogwaronsa, to, watakila mashaƙo ne. Cutar nan ta kashe yara da yawa a Kano cikin 2023, yawancinsu ba a yi musu rigakafi ba. A kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Akwai wata iri mai zuwa sannu, ba zafi. Mutum ya ga nama na tsaya masa a ƙirji, sai ya daina cin nama. Bayan 'yan watanni tuwo ma ya ƙi wucewa, ya koma kunu, yana ta ramewa, yana cewa tsufa ne. Wannan alama ce hanyar abinci tana tsukewa, wani lokaci kuwa ciwon daji ne. Tun a kan naman ya kamata ka gaya wa ma'aikacin dispensa, shi zai tura ka wurin likita.

To, sai wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Shi hanyarsa a buɗe take, ƙarfin haɗiyar ne ya ragu. Abin mamaki, ruwa ya fi tuwo ƙware shi, gama ruwa ba ya jira. Kunu mai kauri da fate sun fi masa sauƙi. Ki zaunar da shi sosai, kada ki ɗura masa kome yana kwance. Cokali kaɗan-kaɗan, sai ya haɗiye ɗaya kāna ki ba shi wani, ban da hira. In ya gama, ya zauna rabin sa'a kafin ya kishingiɗa. Idan yana tari duk sa'ad da ya ci, ko muryarsa ta jiƙe, abinci na sauka huhu ke nan, lalle likita ya gan shi.

Mata masu yin sabulu, ku ɓoye soda, kada ku zuba ta a kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A ɗauke shi sai asibiti.

Sai mun sake saduwa mako mai zuwa.